Yatsa Ɗaya Nake Nuna Maka

Shagon Kifi na Morishita,
Titin Tasha, Tsukihama.
20 ga Mayu.

Zuwa ga Kuramoto Isamu, mai aski,

Bayan gaisuwa. Na san lafiyarka ƙalau, tunda kullum ina hango ka daga shagona kana share ƙofar naka sau uku kafin ƙarfe tara.

Ba zan ja zance ba. Ƙaguwa za ta mutu. Ƙungiyar besbol ta titinmu nake nufi, wasanmu na jifan ƙwallo da dukanta da gora, idan ka manta sunanta. Oyama mai gyaran keke ya bi ɗansa Tokyo, likita kuma ya hana Sugawara mai shinkafa gudu, saura mu takwas. Lahadin da ta wuce muka jeru a fili ƙarfe shida na safe, alƙalin wasa ya ƙirga mu, ya sake ƙirgawa har da nuni, ya ce mun faɗi tun ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Ka san dokar gasar. Ƙungiyar da ta kasa kammala wasa da mutum tara sau biyu a shekara, soke sunanta ake yi. Wasa na gaba sha huɗu ga Yuni ne, da yaran kamfanin gwangwani.

Aron ɗan wasa ba ya yiwuwa, sai wanda sunansa ke cikin rajista tun Afrilu. Na duba, naka yana ciki. Kada ka ɗauka wani abu ne, tsohuwar takardar nake kwafewa kowace shekara, ba ni da lokacin tsince-tsince.

Ba roƙonka nake yi ba. Kuma ba jifa za ka yi ba. Ka zo ka tsaya can ƙarshen fili ta dama, inda ƙwallo ba ta zuwa, ka yi ta kallon tsuntsayen teku har a tashi. Mutum kawai muke nema, mai ƙafa biyu.

Na manna wa takardar nan kan sarki na kai ta gidan waya, don kada ka ce na tsallako titi.

Ka gai da matarka, ƙanwata Fumie.

Morishita Genzo


Shagon Aski na Kuramoto,
Titin Tasha.
23 ga Mayu.

Zuwa ga Morishita-senpai mai girma,

Ina miƙa gaisuwa a wannan lokaci da ganye ya yi kore shar, iska kuma ta fara ɗumi. Ina fatan kasuwa tana ci, kifi kuma yana ƙarewa kafin ya fara sanar da maƙwabta cewa ya kwana.

Takardarka ta iso lafiya. Ta je babban gidan waya na birni, ta kwana biyu, ta dawo, alhali tsakanin ƙofata da taka taku goma sha ɗaya ne. Na ji daɗi da na ga hannunka ya iya rubuta sunana, don shekara goma sha tara ke nan bakinka bai furta shi ba.

Tunda alama ta nuna ka manta, bari in tuna maka cikin ladabi. Wasan ƙarshe ne na kofin gari, zagaye na bakwai, muna gaba da ci ɗaya. Ina kan tudun jifa, kana tsugune a bayan mai duka kana cafe mini. Tun zagaye na biyar na gaya maka kafaɗata tana zafi idan na murɗa ƙwallo. Ka sauke yatsu biyu, wato in jefa mai lanƙwasa. Na girgiza kai. Ka sake nuna biyu, na sake girgizawa. Ka nuna a karo na uku, har da zare mini ido ta cikin ƙarfen da ke kare maka fuska. Ka riga ni shiga makaranta da shekara guda, ni kuwa ba a gidan da ƙarami ke ƙin umarnin senpai sau uku a bainar jama'a aka haife ni ba. Na jefa. Ƙarar da kafaɗata ta yi, har mai tsaron kusurwa ta ɗaya ya ji. Ƙwallon kuwa mai dukan ya aika ta gonar kabejin da ke bayan fili.

Wata huɗu na yi ina aski da hannun hagu. Akwai mutanen garin nan da har yau ba su yafe mini abin da na yi wa kawunansu ba. Ka zo asibiti sau ɗaya da kwandon lemo, ka ce, "Da ka sauke ta ƙasa kaɗan, da mun ci." Wannan ce maganarka ta ƙarshe gare ni, kuma ina adana ta da kyau.

Saboda haka, cikin matuƙar nadama, ba zan samu damar zuwa kallon tsuntsaye ba.

Damina na tafe, a kula da gwiwoyi.

Naka mai biyayya,
Kuramoto Isamu


26 ga Mayu.

Isamu,

Gaisuwa. Ganye kore, iska ɗumi, duk na ji.

Kifina ba ya kwana, kuma kai ka fi kowa shaida. Wanda Fumie ke gasa maka kullum, daga ina kake zaton yake fitowa? Shekara goma sha tara kana cin kifina kana yabon babban kanti!

Maganar asibiti kuwa, gaskiya na faɗa, sama ka jefa ta. Kuma kai ne ka juya fuska bango, ka ce wa nas ta raba wa marasa lafiya lemon. Me kake so in yi? In tsaya ina hira da ƙeyarka?

To, bar wannan. Mahaifinka da nawa su suka kafa Ƙaguwa, da gora biyu da safar hannu huɗu, ɗaya ma ta bahago ce, ba kuwa bahago a cikinsu. Shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa buga gasar nan babu mu ba. Idan ka ga ya dace a soke ta don kana fushi da ni, shi ke nan, sai in tattara rigunan in ba Fumie ta yi maka tsumman goge madubi.

Ba sai ka yi mini magana ba. Ba sai ka kalle ni ba. Amma idan tsoro kake ji, na fahimta. Shekara hamsin da huɗu, ga hannun da ya daɗe bai ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba. Ni ma da ni ne, sai in fake da tsohon zance.

Ka huta lafiya.

Genzo


29 ga Mayu.

Senpai mai girma,

Ina gaisuwa a wannan lokaci da manoma suka gama dashen shinkafa, kwaɗi kuma suka cika gari da surutu, abin da ya tuna mini ban amsa takardarka ba.

Zan zo. Don mahaifina zan zo, ina so a rubuta wannan a wani wuri.

Sai dai ban taɓa tsayawa a ƙarshen fili ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. In na zo, kan tudu zan hau, da rigata mai lamba goma sha takwas. Na ji an ce Nitta mai shagon magani ne ke yi muku jifa yanzu. Na san Nitta. Ko ƙwayar magani ba ya iya jefawa cikin kwalba sai ta faɗi ƙasa. Shi ya je wurin tsuntsayen.

Magana kuma babu, kafin wasa, da lokacin wasa, da bayansa. Yatsunka sun isa, kamar da: ɗaya miƙaƙƙiya, biyu mai lanƙwasa. Abin da ka nuna shi zan jefa, ba zan girgiza kai ko sau ɗaya ba. Idan kafaɗar ta sake tafiya, gari zai san a hannun wa ta tafi.

Batun kifi kuma zan yi bincike.

Da girmamawa,
Kuramoto Isamu


7 ga Yuni.

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya gwiwar?

Tunda yanzu a titin nan ta gidan waya ake magana, ni ma na sayi kan sarki. Da baki na so in gaya maka, amma kai ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, kuma gobe da sassafe zan hau jirgin ƙasa zuwa Sendai. 'Yarmu Mayumi ta kusa sauka, mijinta kuwa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ba zan ga wasanku ba, kuma ban yi baƙin ciki ba.

Ga halin da maigidana ke ciki. Kullum ƙarfe biyar na safe yake fita, wai likita ya ce ya riƙa tattaki. Wane irin tattaki ne ake yi da safar hannu a ɓoye cikin riga? Bayan rumbun ƙanƙara yake zuwa yana jifan bango. Ya dawo ya shafe jiki da man zafi, gidan duk ya ɗauka, har shinkafa ɗanɗanonsa take yi. Rigar nan mai lamba sha takwas sai da na ƙara mata ƙyalle gefe biyu. Maɓalli biyu sun yi tsalle, ɗaya har yau ban gan shi ba. Miƙaƙƙiyar tana kaiwa, na laɓe na gani da idona. Amma da ya murɗa hannu sai ya dafe kafaɗa ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba.

Abin da bai gaya maka ba, kuma ba zai gaya maka ba, shi ne ba ya gani daga nesa. Kan da ke kujerarsa yana ganinsa tsaf, amma daga taku goma komai hayaƙi ne. Shekaranjiya ya rusuna ya gai da akwatin gidan waya, ya ce masa an kwana biyu ba a leƙo aski ba. Yana da tabarau, suna cikin aljihun tebur, ya ce mai jifa ba ya sa tabarau a gaban yaran gwangwani. Yatsun nan da kuka dogara da su, ba zai gan su ba.

Na bar maka kwalbar farin janfarce a wurin matarka Toshiko. Ka shafa a farcenka, ko zai taimaka masa ya ga yatsunka. Kada ka yi mini gardama, ba na nan.

Kuma Yaya, don girman iyayenmu, kada ka nuna biyu. Na san da hannunka kake rubuta sunansa a rajista kowace shekara, na farko, kafin naka, Toshiko ta gaya mini. Shekara goma sha tara ina cin abincin sabuwar shekara sau biyu, a gida biyu, a titi ɗaya. Na gaji da ku.

Ƙanwarka,
Fumie


14 ga Yuni.

Fumie,

Gaisuwa. Na ji an samu mace, barka. Ina fatan ba ta ɗauko kakanta ba.

Ga labarin wasa, tunda ke kika sa na shafa wannan abin kunya.

Shida saura kwata mijinki ya iso a kan keke, ya rusuna wa fili, bai kalle ni ba. Rigar ta kama shi kamar buhun shinkafa da aka ɗaure a tsakiya. Muka jeru, alƙali ya ƙirga tara, muka cire hula muka gaisa. Yaran gwangwanin nan babu wanda ya kai talatin. Na farkonsu da ya zo duka ya kalli hannuna, ya ga farce fari fat, ya ce, "Baba, daga nan biki za ka?" Na ce ya kula da gorarsa.

Na tsuguna, gwiwoyina suka yi ƙara, na nuna ɗaya. Mijinki ya ƙanƙance ido, ya leƙo, ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ya jefo mai lanƙwasa. Ina jiran ta a tsakiya, ta kauce ta same ni a cinya. Na sake nuna ɗaya. Mai lanƙwasa. Na fito da yatsan fili ina kaɗa shi, har masu dukan suka gani, har alƙali a bayana ya ce, "Morishita-san, ni ma na gani." Mai lanƙwasa! Zagaye biyu cur, Fumie. Yaran suna ganin ɗaya sai su shirya wa miƙaƙƙiya, ita kuma ta lanƙwashe, su yi ta dukan iska. Na ji ɗayansu yana cewa tsofaffin nan makirai ne.

A zagaye na uku na daina jin daɗin abin. Duk jifa sai ya juya baya ya yi kamar yana gyara hula, hannun dama yana lilo, fuskar ta yi fari. Sai na gane. Ba ya ganin komai, kuma da ya rasa abin gani, sai ya tambayi kansa me Genzo zai nuna. Amsar da yake samu ita ce biyu, a kowane jifa. Irin mutumin da yake ɗaukata ke nan, kuma a kan haka yake yi mini biyayya. Wannan ya fi cinyar ciwo.

Idan hannun ya tafi, mun koma takwas, an soke mu. Amma na rantse miki ba Ƙaguwa na tuna ba a lokacin.

Na ce wa alƙali a dakata. Tashi ya gagara, sai da mai dukan ya ba ni hannu. Na taka har kan tudu. Fili ya yi tsit, don duk Titin Tasha ya san tarihin. Nitta daga can wurin tsuntsaye har hula ya cire.

Na ce, "Kai jaki, ɗaya nake nuna maka tun safe!"

Ya ce, "Mun yi sharaɗi, Senpai."

Na ce, "Sharaɗin banza! Nawa ne nan?" Na ɗaga yatsa a gaban hancinsa.

Ya ce, "Ɗaya." Ya ƙura ido. "Me ka shafa a farce?"

Na ce, "Tambayi matarka."

Na ce a raina, tunda na riga na taho, kuma komawar ma aiki ce, bari in sauke kayan gaba ɗaya. Na cire ƙarfen fuska. Na ce, "Ran nan dai biyu na nuna. Na san hannunka na ciwo, kofin nake so. Kuma ba sama ka jefa ta ba, daidai ka jefa ta, yaron ne ya iya duka. Ka yafe mini." Na rusuna sosai, irin rusunawar da ban yi wa kowa ba tun jana'izar Baba.

Sai bayana ya riƙe.

Na kasa miƙewa, Fumie. Ina nan a duƙe ina kallon takalminsa. Alƙali ya taho yana cewa idan ba zan iya ci gaba ba, to, mutum takwas ke nan. Mijinki ya yar da safar hannu, ya zagaya bayana, ya kafa gwiwa a ƙuguna, ya kama kafaɗuna ya ja, irin tausar da yake yi wa mutane bayan aski, amma da mugunta. Wani abu ya ce ƙas! Na miƙe ina zagi. Ya dubi alƙali ya ce, "Tara ne."

Na ce masa daga yanzu babu yatsa, ya jefa abin da ya ga dama, ni zan nemo ta. Miƙaƙƙiya ya yi ta jefawa har ƙarshe, a hankali, kamar ana miƙa wa baƙo shayi. Yaran suka yi ta aika ta bayan fili. Sha shida da biyu aka tashi. Amma mu tara muka fara, mu tara muka jeru muka rusuna a ƙarshe. Ƙaguwa tana nan.

Ga abin da ke damuna. Da muka gama share fili muka baje ƙasar, na nufe shi. Ya rusuna mini, ya hau keke, ya tafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Yanzu haka ina hango shi yana aski da hannun hagu, labule rabi a sauke, ko sau ɗaya bai dubi nan ba. Ke kin san shi. Wannan me ke nan?

Ki gai da mai jego. Kuma abin farcen nan da me ake goge shi? Toshiko dariya kawai take yi, ta ƙi faɗa.

Yayanki,
Genzo


15 ga Yuni.

Fumie,

Ina gaisuwa. Damina ta sauka a nan tun jiya da yamma. Ki ce wa Mayumi ta yi ƙoƙari, na gode mata.

Na san yayanki ya riga ya rubuto miki, don na hango wani abu mai kama da shi yana tafiya gidan waya a karkace. Duk abin da ya faɗa game da idona, ki rage rabi. Rana ce ta haske ni.

Kafaɗar tana nan, ba ta tafi ba, sai dai ko riga ba na iya sawa sai da dabara.

Ya nemi gafara, Fumie, a gaban kowa. Shekara goma sha tara ina shirya abin da zan ce masa ranar da zai yi haka. Na haddace shi tsaf, da gabatarwa da kammalawa. Da ranar ta zo, na buɗe baki, na ji idan na yi magana kuka zan yi a gaban yaran gwangwani. Shi ya sa na hau keke. Na yi kewarsa ƙwarai. Ban san haka ba sai da ya ce mini jaki.

Yau da safe na ciro tabarau na sa, na leƙa tsallaken titi. Na ga kansa sosai a karon farko cikin shekaru. Fumie, wa ke yi wa mutumin nan aski? Kuma kina kallo kika yi shiru?

Ki kula da kanki.

Mijinki,
Isamu


16 ga Yuni.

Senpai,

Gaisuwar damina. Wannan ce takardata ta ƙarshe gare ka.

Litinin shago a rufe yake, amma Litinin mai zuwa ƙarfe tara zan ɗaga labule. Kafin nan hannun dama zai iya riƙe almakashi. Ka tsallako, a gyara wannan ɓarnar da ke kanka.

Amsar maganarka ta kan tudu tana nan, da baki zan ba ka. Aski minti arba'in ne. Ka zo da abin da za ka ce, don ni ban iya aski shiru ba.

Isamu